Dashen ƙoda "ba yanka": me ake nufi da shi, kuma wa yake amfana?

Kwanakin baya bayan la'asar muna zaune a majalisa a ƙauyenmu can ɓangaren Hadeja, wani matashi ya miƙo waya yace ku zo ku ga abin da Turawa suka fito dashi. Bidiyo ne da yake ta yawo a WhatsApp, likita na zaune a gefe ya cusa fuskarsa cikin wata na'ura kamar mai leƙen rijiya, can kan gado kuma wasu hannuwan ƙarfe suna motsi a kan cikin mara lafiya, a ƙasa an rubuta wai yanzu ana dashen ƙoda ba tare da an yanka mutum ba. Nan take musu ya kaure, wannan yace ai leza ce, hasken nan mai yanka, wancan yace injin ne yake aikin da kansa, likita kallo kawai yake. Akwai wani dattijo a wurin da ɗansa yake kan wankin ƙoda, sau biyu a sati ake kai shi. Bai tanka ba sai da hayaniya ta lafa, sannan yace, "To ku yara, in ba a yanka ba, ta ina ƙodar take shiga?"

Tambayar Baba ita ce kan maganar. Ƙodar babban mutum ta kai girman dunƙulen hannunsa, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta wajen giram 150, kuma ɗungurungum ake ciro ta, ɗungurungum ake saka ta, dan haka dole a buɗe mata hanya. Abin da likitoci suke nufi da sabon salon shine a rage girman yankan, a rage yayyaga tsoka, sauran aikin a yi shi ta 'yan ƙananan huji da kyamara. Leza kam bata cikin wannan aikin, inda ake amfani da ita a harkar ƙoda shine fasa tsakuwa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya san Hadeja zuwa Nguru zuwa Gashuwa ya san ciwon ƙoda ba baƙo bane a wannan kwarin, ga kuma masu haɗa mutane da asibitocin Indiya da Masar suna turo hotuna da farashi kala-kala, wannan da mutum-mutumi, wancan da kyamara, iyali su rasa wanne ne ya cancanci a sayar masa da gona.

Mutum biyu ake kwantarwa

Abu na farko da yake rikita mutane shine ana cewa "aikin dashe" kamar aiki ɗaya ne, alhali tiyata biyu ce a jikin mutum biyu. Akwai ta mai bayarwa, wanda za a ciri ƙoda ɗaya daga cikin biyunsa, akwai ta mai karɓa, wanda za a dasa wa. Kowacce ana iya yinta a buɗe ko ta huji, kuma ba dole su zo iri ɗaya ba. A gaskiya ma abin da ya fi yawa a manyan asibitocin duniya yanzu shine a ciro ta mai bayarwa ta huji, a dasa wa mai karɓa a buɗe. Toh idan asibiti yace maka muna aikin kyamara, sai ka tambaya: a jikin wa?

A Najeriya wannan rabuwar ta fi nauyi, saboda dashen da ake yi a ƙasar nan daga rayayyen mutum ake samo ƙodar, ba mu da tsarin ɗauka daga wanda ya rasu irin na Sifen ko Amurka. Kenan duk dashe ɗaya akwai wani lafiyayye, ƙane ko yaya ko mata ko ɗa, da zai shigo asibiti da ƙafarsa ba abin da yake damunsa a yi masa babban aiki.

Yadda ake yi tun asali

Dashen farko da ya yi nasara a ranar 23 ga Disamba 1954 aka yi shi a birnin Boston, Joseph Murray ne ya jagoranta, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, shi yasa jikin bai ƙi ƙodar ba duk da babu magungunan da ake da su yau. Wurin da ake ajiye sabuwar ƙodar kuwa likitocin Faransa irin su René Küss ne suka fara shi tun 1951, kuma har yanzu shi ake bi.

Mutane da yawa suna zaton ana cire matattun ƙodojin a saka sabuwa a gurbinsu. Galibi ba a taɓa su, suna nan a baya inda Allah ya halicce su. Sabuwar a mara ake saka ta, ƙasa da cibiya ta gefe, yawanci dama. Ana yin yanka mai ɗan lanƙwasa na santimita 15 zuwa 20, a nemo manyan jijiyoyin jinin da suke sauka ƙafa, a ɗinke jijiyar da take kai wa ƙodar jini da wadda take dawo dashi a jikinsu, sannan a haɗa bututun fitsarinta da mafitsara. Ɗinki uku kenan, da zare mai siririn gashi. Duk wannan ba tare da an shiga jakar da hanji yake ciki ba, ta gefenta ake bi, ku riƙe wannan dan zamu dawo kansa.

Shi kuma mai bayarwa a tsohon salo, a gefe ake kwantar dashi, a yanka kwiɓi ƙarƙashin haƙarƙari, a ratsa tsoka hawa uku, a da har ana yanke wani ɓangare na haƙarƙarin ƙarshe dan a samu fili. Aikin yana kyau, ƙodar tana fitowa lafiya, amma mutumin yana jin jiki. Tari ciwo, dariya ciwo, juyi a shimfiɗa ciwo, wani ma bayan ya warke sai ka ga gefen cikin ya ɗan saki ya turo saboda an taɓa jijiyar da take riƙe tsokar wurin.

Aikin huji, me yake faruwa a ciki

Sunansa a bakin likitoci lafaroskofi. Bayan an sa mutum barci, sai a hura masa iskar kabon dayokzaid a ciki, cikin ya tashi kamar tanti, dan a samu wurin gani da motsi. A yi huji uku ko huɗu, kowanne daga rabin santimita zuwa ɗaya da 'yan kai, ɗaya a zura kyamara mai fitila, sauran a zura dogayen almakashi da hantsaki masu kaurin biro. Likita allo yake kallo, hannunsa na waje. A hankali zai janye hanji gefe, ya raba ƙodar da kitsen da yake kewaye da ita, ya fito da jijiyoyin biyu da bututun fitsari fili. Sai komai ya kammala sannan a ɗaure jijiyoyin a yanke, a jefa ƙodar cikin wata 'yar jaka, a zaro ta ta wani yanka na santimita 6 zuwa 8, yawanci a ƙasan mara daidai inda ake yi wa mata aikin haihuwa. Wannan wurin an zaɓe shi ne saboda ana iya buɗa tsokar gefe da gefe ba sai an datse ta ba, ciwonsa yafi sauƙi, kuma zani ko wando yana rufe tabon.

Akwai wani salon da likita yake yin yankan tun farko ya zura hannunsa ɗaya ciki, ɗayan yana riƙe da kayan huji. Masu yin haka suna cewa yatsa yana jin abin da kyamara bata ji, kuma in jini ya ɓalle zaka iya danne wurin nan take.

Hagu aka fi ɗauka, saboda jijiyar da take dawo da jini ta hagu tafi tsawo, tafi daɗin ɗinki. Amma ana yin hoton siti-sikan tukuna, in aka ga ɗaya tafi ɗaya lafiya, ƙa'ida ita ce mai kyan a bar wa mai ita.

Wani ɗan abu da yake tsorata mutane bayan aikin: mutum ya farka yana kukan kafaɗa, dangi su ce ai a ciki aka yi aiki me ya kai ciwo kafaɗa. Ragowar iskar nan ce take taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuma tana da alaƙa da kafaɗa, kwana ɗaya biyu yake wucewa.

Tarihin bai yi nisa ba. A 1990 Ralph Clayman ya fara cire ƙoda mai ciwo ta huji a St. Louis, a 1995 kuma Lloyd Ratner da Louis Kavoussi na Johns Hopkins a Baltimore suka fara ciro lafiyayya dan dashe. Cikin 'yan shekaru salon ya mamaye Amurka, yau sama da kashi 90 cikin 100 na masu bayarwa a can ta huji ake yi musu. A daidai wannan tsakanin yawan masu bayarwa ya ƙaru sosai har a 2001 rayayyun masu bayarwa suka zarce mamatan da aka ɗauki sassansu yawa, kuma da yawan masana suna ganin sauƙin aikin yana cikin dalilan, duk da akwai wasu dalilan tare dashi.

Ba a banza aka ƙware ba

A shekarun farko an sha wuya. Wasu likitocin suna kankare bututun fitsarin sosai har su raba shi da 'yan jijiyoyin da suke ciyar dashi, bayan dashe sai ya riƙa yoyo ko ya tsuke. Ƙodar dama kuma jijiyarta gajeriya ce, an yi asarar wasu saboda jini ya daskare a wurin ɗinkin. An gyara waɗannan da gogewa. Mafi muni shine batun wani maƙalin roba mai suna Hem-o-lok da ake matse babbar jijiyar dashi, wanda ya zame a jikin wasu masu bayarwa bayan an rufe ciki, jini ya kwarara, wasu suka rasu. A 2006 kamfanin ya hana amfani dashi a wannan wurin, a 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake fitar da gargaɗi. Kaga kenan ƙanƙantar tabo a waje bata rage girman abin da ake yankewa a ciki ba. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2010 ya nuna kusan mutum 3 cikin masu bayarwa 10,000 suna rasuwa cikin wata uku na aikin, kaɗan ne, amma ana faɗa wa kowa kafin ya sa hannu.

A ɓangaren mai bayarwa hujja tana da ƙarfi, domin an yi gwaji na raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a a ƙasashe irin su Norwe, Holan, Ingila da Iran. Abin da ya fito kusan iri ɗaya ne: wanda aka yi wa ta huji yafi ƙarancin ciwo, yafi saurin tashi da komawa sana'a, ƙodar kuma tana aiki a jikin mai karɓa daidai da wadda aka ciro a buɗe. A ɗaya hannun aikin yafi daɗewa, kuma mintunan da ƙodar take yi da ɗumi babu jini, daga ɗaure jijiya zuwa sanya ta a ƙanƙara, sun ɗan fi yawa.

Sannan akwai hanya ta uku da ba a cika tallata ta ba dan bata da bidiyo mai ban sha'awa: buɗaɗɗen aiki amma da ƙaramin yanka, wajen santimita 10, a buɗa tsoka maimakon datse ta, ba a taɓa haƙarƙari. Bata buƙatar kayan kyamara masu tsada, kuma tafi tsohon salon sauƙi nesa ba kusa ba.

Mutum-mutumin fa?

Shi ne na cikin bidiyon. Wanda aka fi sani sunansa da Vinci, a 2000 aka amince dashi a Amurka. Baya yanke shawarar komai, baya motsi sai an motsa shi. Likita ne yake zaune yana sarrafa hannuwan da yatsunsa da ƙafarsa, na'urar tana nuna masa wurin a faɗaɗe da zurfinsa kamar yana ciki, tana tace rawar hannu, kuma bakin kayan aikin yana lanƙwasa kamar wuyan hannu. Wannan lanƙwasar ita ce ta buɗe ƙofar yi wa mai karɓa aiki ta huji, saboda ciro ƙoda yanka ne da ɗauri, amma dasa ta ɗinki ne mai laushi a wuri mai zurfi, da miƙaƙƙun sanduna kuwa abin kamar a ce ka zura zare a allura da muciya ne. Akwai waɗanda suka iya hakan, irin su Pranjal Modi a Ahmedabad ta Indiya, amma 'yan ƙalilan ne.

A Jami'ar Illinois da ke Chicago, tawagar Pier Giulianotti da Enrico Benedetti suka buga rahoton dashe cikakke da mutum-mutumi a 2010, kuma dalilinsu masu ƙiba ne. Mai teɓa sosai in aka yi masa dogon yanka a mara, ƙarƙashin naɗin ciki inda gumi yake taruwa, ga magungunan rage garkuwar jiki, ga sau da yawa ciwon suga, ciwon yakan ruɓe ya ƙi warkewa, har asibitoci da yawa suna ƙin yi musu dashe kwata-kwata sai sun rame. Da aka mayar da yankan ƙarami kusa da cibiya sai ruɓewar ta ragu ƙwarai.

Matsalar da ta rage ita ce ɗumamar ƙodar. Ƙodar da aka ciro ana wanke ta da ruwan magani mai sanyi a ajiye ta a ƙanƙara, daga lokacin da ta shiga jikin mai karɓa zuwa lokacin da aka saki jini tana ɗumama, duk minti ɗaya kuma yana cin ta. A buɗe likita yana iya zuba mata sanyi da hannu, a rufaffen ciki mai ɗumi babu wannan damar. Mani Menon na Detroit da Rajesh Ahlawat na asibitin Medanta kusa da Delhi su suka daidaita dabarar a wajen 2013 zuwa 2014: a naɗe ƙodar da gauz, wato ƙyallen bandeji, cike da niƙaƙƙiyar ƙanƙara kamar an sa mata riga, a riƙa ƙara ƙanƙarar ta yankan yayin ɗinki. Daga nan salon ya yaɗu a Indiya, ya shiga Turai, musamman ta hannun Alberto Breda a Basalona.

Masu yabo da masu jan ƙafa

Masu goyon bayan mutum-mutumi suna nuna ƙarancin ruɓewar ciwo, ƙarancin zubar jini da ciwo bayan aiki, da raguwar wani tarin ruwa da yake taruwa a gefen sabuwar ƙoda ya matse ta. Kuma alƙaluman da aka tara zuwa yanzu sun nuna aikin ƙodar da daɗewarta suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na buɗe.

Masu jan ƙafa suna cewa toh ai kun faɗa da bakinku, daidai suke, ba wai ya fi ba. Suna ƙarawa da cewa akasarin kwatancen ba na ƙuri'a bane, likitocin ne suke zaɓar wanda ya dace da na'urar, kuma ƙwararrun cibiyoyi ne suke buga sakamakonsu. Aikin yafi daɗewa, ana kwantar da mutum kai a ƙasa ƙafa a sama tsawon sa'o'i, wanda mai raunin zuciya ko huhu ba lallai ya jure ba. Sannan ana shiga jakar hanji, wadda buɗaɗɗen aiki yake kauce mata, dan haka akwai yiwuwar taɓa hanji ko ya yi sanyin tashi bayan aiki. Akasarin na'urorin da ake aiki dasu kuma basa bai wa likita jin taɓi, alhali mai ciwon suga da ya daɗe yana wanki jijiyoyinsa sukan yi tauri da alli kamar tsohon tiyo, a buɗe likita da yatsa yake laluben wuri mai laushi da zai ɗinka. Irin wannan majinyacin, da wanda aka sha yi masa aiki a ciki hanji ya mamanne, galibi buɗewa ake zaɓa musu ko a asibitin da yake da na'urar.

Sai kuɗi. Na'urar tana kaiwa wajen dala miliyan 2, ga kuɗin kula da ita duk shekara, ga kayan bakin hannuwan da aka ƙayyade musu adadin amfani, goma ko goma sha, daga nan na'urar ta ƙi karɓarsu. Duk wannan a takardar biyan majinyaci yake sauka.

A nan gida

Dashen ƙoda na farko a Najeriya a asibitin St. Nicholas da ke Legas aka yi shi a shekarar 2000. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda muke cewa asibitin Malam, ya fara nasa a 2002, yana cikin na farko-farko a asibitocin gwamnati, Maiduguri ta biyo baya a 2010. Dashen da ake yi wa mai karɓa a ƙasar nan buɗaɗɗe ne a akasarin lokuta, kuma wannan shine dai salon da har gobe ya fi yawa a Ingila da Amurka.

Aikin huji yana da buƙatunsa da ba a gani a bidiyo: wuta da bata ɗaukewa ko na minti ɗaya, tukunyar iskar da bata ƙarewa ana tsakiyar aiki, maƙalan ƙarfe na ɗaure jijiya da ake sayowa da dala a yi amfani dasu sau ɗaya a yar, injiniyan da zai gyara kyamara in ta tsaya. Sama da duka akwai yawan yi. Likitan da yake ciro ƙoda ta huji duk sati da wanda yake yi sau uku a shekara, kayansu ɗaya hannunsu daban. Shi yasa a tsakanin likitocin kansu zaka ji ana cewa salon da likitanka ya fi ƙwarewa a kai shine ya fi maka aminci. Kuma kowane aikin huji ana sa hannu ne a kan cewa in jini ya ɓalle ko wuri ya ƙi ganuwa za a buɗe nan take, wannan cikin tsarin yake, ba kuskure bane.

Lissafin manomi

Mu ɗauka yaya ne yake kwance, ƙaninsa mai shekara talatin da 'yan kai ya amince zai bashi. Shi ƙanin nan shi yake huɗa, shi yake ɗaukar buhun taki, shi yake tayar da injin ban ruwa a fadama lokacin noman rani, ranar kasuwa kuma ya ɗan yi acaɓa. Ma'aikacin ofis a Turai in aka ce masa sati biyu zuwa huɗu ka koma aiki maimakon shida zuwa takwas, zama a kujera ake nufi. Manomi lissafinsa daban ne, domin ko ta huji aka yi, yankan marar nan yana buƙatar wajen sati shida kafin a ɗauki abu mai nauyi, in aka yi gaggawa ƙaba tana iya fitowa a wurin. Duk da haka bambancin yana nan kuma babba ne, kwana biyu zuwa uku a gadon asibiti maimakon kusan sati, da tsokar kwiɓi da ba a datse ba, wadda ita ce mai riƙe mutum in ya sunkuya da fartanya yini guda. Tunda dashe daga rayayye ana sa masa rana ne, iyali suna iya roƙon a duba lokaci, bayan an kai amfani gida yafi a ce farkon damina, in dai jikin mara lafiyar zai iya jira.

In mace ce mai bayarwa, a ƙauye daka da jan guga da goyo duk ɗaukar nauyi ne, sai an tanadi wadda zata karɓe ta. Kuma ya kamata ta ji tun kafin ta amince cewa mai ƙoda ɗaya tana iya haihuwa lafiya, amma haɗarin hawan jini lokacin ciki ya kusa ninkawa, dan haka awo a asibiti ya zama dole. Wannan babu ruwansa da ta inda aka ciro ƙodar.

Haka ma rayuwa bayan bayarwa. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta ɗauki wajen kashi 70 na aikin da biyun suke yi, ya isa mutum ya rayu lafiya, amma haɗin maganin gajiya da ake saya a kemis, masu diklofenak da ibufurofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake ciki ba, da wuni a rana ba shan ruwa, waɗannan sai a yi sallama dasu, a kuma riƙa auna jini da fitsari duk shekara.

Ga mai karɓa kuwa, abin da yake kashe ƙodar dashe a wurinmu yawanci ba a ɗakin tiyata yake ba. Magungunan hana jiki ƙin ƙodar, takrolimus da maikofenolet da firednisolon, kullum ake shan su har ƙarshen rayuwa, ga gwajin jini akai-akai, a watannin farko ma har sau biyu a sati, wanda ke nufin mutumin Kafin Hausa ko Gumel sai ya nemi wurin zama kusa da asibiti. Iyalin da suka kai shanu Maigatari ranar Alhamis suka jinginar da gona dan su biya ƙarin kuɗin mutum-mutumi, in bayan wata takwas kuɗin magani ya yanke, ƙodar zata tafi ne ko da wane salo aka dasa ta, a koma wanki. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, sauƙi ne ga wanda yake kusa dasu, sai dai wanki na cikakken tsari sau uku ne a sati. Mai ƙiba sosai ko mai suga da ciwonsa baya warkewa da wuri, shi lissafinsa yana iya karkata ga na'urar, domin ruɓaɓɓen ciwo shima wata da watanni yake ci da kuɗi.

Sauƙin aiki da 'yan cinikin ƙoda

Akwai wani gefen da ya kamata a sani. Kalmar "ɗan huji ne kawai, kwana biyu ka tashi" ita ce dai kalmar da masu farautar matasa marasa aikin yi suke amfani da ita. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki, ta hana ɗaukar irin wannan sashen daga wanda bai kai shekara 18 ba, a watan Maris na 2025 kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashe da suka ƙara tsaurara batun yardar mai bayarwa. Shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, a Landan a 2023, inda aka yanke masa shekara tara da wata takwas, a kan wannan batun ce. Ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta bayarwa da sharaɗin yarda da rashin cutar da mai bayarwa, ta hana ciniki. Asibitin kirki yana keɓe mai bayarwa shi kaɗai, ba yaya ba Inna ba kawu a ɗakin, a tambaye shi ko matsa masa aka yi, kuma yana da damar fasawa har ranar aikin.

In a waje aka yi

Wanda aka yi wa dashe a Indiya ko Masar, likitocin gida ne zasu ci gaba da dubashi shekara da shekaru, kuma suna buƙatar rahoton tiyatar kansa, ba takardar sallama kaɗai ba. Dalili, in gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara ja baya akan tsira allura a ɗebo ɗan tsokarta a duba ko jiki ne yake ƙinta. Wadda aka dasa a buɗe tana nan dab da fatar mara, da hannu ma ana jinta. Wadda aka dasa da mutum-mutumi ta cikin jakar hanji aka shigar da ita, ko da likitan ya lulluɓe ta da tantani ya jingina ta gefe, mai riƙe da allurar yana so ya san hakan dan kada hanji ya gitta. Sannan kusan kowa ana bar masa wata siririyar roba a cikin bututun fitsari dan ɗinkin ya kama, ana cire ta bayan 'yan makonni, yawanci huɗu zuwa shida. Bata ganuwa daga waje, dan haka kafin a hau jirgi a tambaya ko an cire, in ba a cire ba a rubuto ranar da za a cire ta a Kano.